Tsakanin Tamowa da Ƙiba: Abin da Tazarar Arziki ke Yi wa Jikin Yaranmu



Shugaban wannan taro. Iyayen ƙasa, hakimai da dagatai da masu unguwanni, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Ma'aikatan lafiya da shugabannin makarantu. Iyayenmu mata da suka bar girki da raino suka zo. 'Yan'uwana matasa, barkanmu da warhaka. Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama suka kuma ga dacewar in yi magana a cikinsa. Na san akwai waɗanda suka taso tun da sassafe daga Sabuwa, wasu daga 'Yankara da Daudawa, wasu daga ƙauyukan Ƙanƙara, a kan hanyoyin da ba a shiga sai da addu'a a baki. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Batun da aka ɗora mini shi ne dangantakar da ke tsakanin ƙibar yara da tazarar da ke tsakanin mai shi da mara shi. Da na faɗa wa wani dattijo a garinmu abin da zan zo yi, sai ya dube ni ya ce, "Ɗana, ƙiba? A wannan yankin? Ai sai an ci ake ƙiba." Ban iya musa masa ba. A watan Yulin 2025 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta sanar da cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na Jihar Katsina saboda tamowa a cikin wata shida kacal na farkon shekarar. Waɗannan fa waɗanda aka samu aka kai asibiti ke nan. Wanda duk zai yi maganar abincin yara a ƙasar Katsina, in bai fara daga nan ba, bai yi wa mutane adalci ba.

Amma duk da haka na karɓi batun, domin na yi imani tamowa da ƙiba uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Abin da ke hana yaron ƙauye samun ƙwai da nono yau, shi ne zai tura shi ga abincin da zai kumbura shi gobe. Zan bi maganar a kan gaɓoɓi shida.

Na farko: ina ƙibar take, kuma a jikin ɗan wa?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19 fiye da miliyan 390 ne nauyinsu ya wuce ƙima, miliyan 160 daga ciki kuma sun kai ga ƙiba mai cutarwa. A 1990 kashi 2 cikin 100 ne na masu wannan shekaru ke da irin wannan ƙiba. A 2022 sun kai kashi 8. A watan Satumban 2025 UNICEF ta fitar da rahoton da ya nuna cewa, karo na farko, masu ƙiba a cikin yaran makaranta da matasan duniya sun fi masu rama yawa. Yankuna biyu ne kawai abin bai juye ba tukuna: Kudancin Asiya da Afirka kudu da Sahara, wato mu.

A Ingila ana auna tsawo da nauyin 'yan firamare kowace shekara. Abin da awon ke nunawa a kai a kai shi ne, yaran unguwannin talakawa sun ninka na unguwannin masu hali wajen ƙiba. A can, ɗan talaka ne mai teɓa, ɗan attajiri kuwa ga shi nan siriri, yana cin ganye da kifi yana zuwa iyo.

A nan gida hoton a juye yake. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya samu kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A Arewa maso Yamma kashi 57 ne. A gidaje mafi talauci fiye da rabin yara ne suka tsumbure, a gidaje mafi wadata kuwa ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Masu nauyin da ya wuce ƙima a cikin waɗannan ƙanana kashi 2 ne kawai. Sai dai binciken nan dai ya ce kashi 28 cikin 100 na matan ƙasar nauyinsu ya haura, kuma sun fi yawa a birane da gidajen masu hali.

To me ya sa za mu damu? Saboda Meziko da Barazil ma da haka suka fara. Ƙiba takan shigo gari ta ƙofar attajiri, amma in abincin leda da na kwalba ya yi arha ya bazu, gidan talaka take komawa ta yada zango. Mu muna farkon wannan hanya ne, kuma wanda ya hango rami tun daga nesa shi ke da damar kauce masa.

Na biyu: aljihu ke zaɓar abinci.

Nan zan ɗan daɗe, don nan ne maganar ta fi shafarmu.

Wannan yanki namu ba ƙasar yunwa ba ce. Duk kudancin Katsina an san shi da masara da dawa da waken suya da auduga da gyaɗa da barkono. Ranar kasuwar Ɗandume manyan motoci ke layi suna lodin masara zuwa kudu. Kasuwar Sheme an san ta da shanu tun muna yara. Yaron da ya tashi a ƙauyen Faskari shekara talatin da suka wuce bai san biskit ba sai da salla, amma ya san kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ya san fura da nono da rana, ya san ɗanwake da ɗanyen gyaɗa da rake, ya san ɗinya da kanya da magarya da ɗorawa a hanyar gona. Iyayensa ba su da kuɗi, amma abincinsa iri-iri ne, domin daga bayan gida da gona da daji yake fitowa.

Sai tsaro ya taɓarɓare. Kowa a nan yana tuna Kadisau a watan Yunin 2020, inda aka kashe mutane da dama a rana ɗaya. Kowa yana tuna daren 11 ga Disamba, 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Gonakin nesa suka gagara nomawa. Inda aka noma, wani wuri sai an biya ɓarayin daji kafin a girbe. Aka sayar da shanun huɗa da rumbu don kuɗin fansa. Aka kore shanu, na Fulani da na Hausawa, sai ƙwaryar nonon da kan shigo gida kowace safiya a yi musayarta da hatsi ta ɗauke ƙafa. Ban taɓa jin an lissafa wannan a cikin asarar rikicin nan ba, amma yaro ɗan shekara biyu a jikinsa ya ji ta. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya aka rufe kasuwannin dabbobi a yankunanmu don yaƙar ɓarayin daji, talaka ya ƙara shiga matsi. A 29 ga Mayu, 2023, aka cire tallafin mai, zuwa Yunin 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100.

Me duk wannan ya yi wa manomi? Ya mayar da shi ɗan awo. Mutumin da a da yake buɗe rumbu, yau yana tsaye gaban mai shago a Funtuwa ko Malumfashi ko bayan garin Katsina da 'yan canji a hannu.

Na taɓa zama da wata baiwar Allah da ta gudo da 'ya'yanta huɗu, suna fake a wani kango da ba a gama ginawa ba, an toshe tagogi da buhu. Na tarar tana ba ƙaramin, mai kamar wata goma sha takwas, garin kwaki da ta jiƙa da sukari, yayansa kuma yana tsotsar lemon leda mai launin ja. Na tambaye ta wake fa? Ta ce, "Malam, wake yana cin itace. In na sayi wake ba ni da kuɗin itacen dafa shi. Taliya kuwa da 'yan kara biyu ta nuna." Na ce zogale fa? Ta nuna mini siminti ta ce, "A ina zan shuka? A gidanmu shi ne dangar bayan ɗaki."

Jama'a, wannan mata jahila ce? Wallahi lissafinta ya fi na da yawa daga cikinmu. Wanda kuɗinsa kaɗan ne, abin da zai cika ciki ya sa yaro ya daina kuka yake saye, kuma abin da ya fi cika ciki da arha shi ne gari da sukari da mai. Ƙwai da kifi da nono da 'ya'yan itace su ne suka fi tsada, su ne kuma ke gina jiki da ƙwaƙwalwa. Don haka duk lokacin da muka ce wa uwa "ki ba shi abinci mai gina jiki" ba tare da mun duba abin da ke ƙullin zaninta ba, mun ɗora mata laifin da ba nata ba.

Masana sun kasa abincin ƙaramin yaro gida takwas: nonon uwa, hatsi da dangin rogo da dankali, wake da gyaɗa da waken suya, nono da madara, nama da kifi, ƙwai, ganye da 'ya'yan itace masu ƙara ƙarfin ido irin su zogale da kabewa da karas da gwanda da mangwaro, sai sauran kayan lambu da na marmari. Ana so yaro ya samu aƙalla biyar a yini. UNICEF ta ce a 2024 yaran Najeriya kimanin miliyan 11, wato ɗaya cikin uku na 'yan ƙasa da shekara 5, gida biyu kawai suke samu ko ƙasa da haka. Koko da safe, tuwo da dare. Ku duba kwanon yaranku na jiya ku ƙirga.

Akwai kuma abin da ke ci mini rai. Masararmu da waken suyarmu su ne ake niƙawa a yi abincin kajin gidan gona, kajin su yi ƙwai, ƙwan ya tafi teburin masu hali a Kaduna da Abuja da Legas. Ɗan wanda ya noma masarar kuwa sai ya yi wata bai ga ƙwai ba. Abin da ke dawo mana daga birni shi ne biskit da alewa da garin lemo a ƙaramar leda, daidai kuɗin da yaro zai iya riƙewa a tafin hannu.

Kada mu ɗauka tazarar nan tsakanin gida da gida kawai take. Tana nan a cikin gida ɗaya. Iyayena maza, ku yi mini afuwa, amma sai na faɗa. Mai gida ya fita da dare ya zauna teburin mai shayi a soya masa ƙwai biyu, ya biya wajen mai tsire, sannan ya dawo gida inda mai ciki da mai goyo da yara suka ci tuwo da miyar kuka ba ko tsoka. In an yanka kaza ma, kwanon wa ake fara cikawa? Jikin mai shekara arba'in ya gama ginuwa. Na mai wata tara yanzu ake sa tubalinsa.

Na uku: jiki ba ya mantuwa.

Wannan ita ce gadar da ta haɗa tamowar yau da ƙibar gobe, kuma ita ce amsata ga dattijon nan.

A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, a hunturun 1944 zuwa 1945, an yi yunwa mai tsanani a yammacin ƙasar Holan. Bayan shekaru, a 1976, masu bincike suka fitar da sakamakon duba bayanan samari kimanin 300,000 da aka auna don shiga soja suna da shekara 19. Sai aka ga waɗanda yunwar ta riski iyayensu mata a farkon watannin cikinsu sun fi sauran yawan ƙiba. Daga baya wani likitan Ingila, David Barker na Jami'ar Southampton, ya nuna cewa jariran da aka haifa da ƙarancin nauyi sun fi fuskantar ciwon zuciya idan sun manyanta.

Kada ku ce wannan labarin Turawa ne. A 2010 likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Najeriya da ke Inugu, tare da takwarorinsu na cibiyar Karolinska ta Suwidin, sun fitar da binciken da suka yi a kan mutum fiye da 1,300. Waɗanda aka haifa a tsakiyar yunwar yaƙin basasar Najeriya, da suka kai shekara arba'in, sun fi waɗanda aka haifa bayan yaƙin yawan hawan jini da matsalar sukari a jini da nauyin da ya wuce ƙima. A ƙasar nan aka yi wannan, ba a wata duniya ba.

Yaya abin yake faruwa? Jaririn da ya sha yunwa tun yana ciki, ko a shekara biyun farko, jikinsa yakan ginu a kan tattali. Tsoka kaɗan, tsawo kaɗan, ƙoda da sauran gaɓoɓin ciki ba su kai cikar girmansu ba, kuma duk abin da ya shigo jikin yakan yi saurin ajiye shi a matsayin kitse. Kamar wanda ya taɓa shan fari ne, ko damina ta yi kyau hannunsa ba ya sakin hatsi. To ɗauki wannan jiki ka kai shi birni, ka ciyar da shi taliya da farar shinkafa da mai da lemo shekara ashirin. Ka ga gajeren mutum mai tumbi, mai ciwon suga tun bai tsufa ba.

Yaron da aka haifa a gudun hijira a 2020 zai cika arba'in a 2060. Yarinyar da ta tsumbure yau, nan da shekara goma sha biyar ko ashirin ita ce mai ciki, kuma ta fi kusa da haifar ƙaramin jariri, zancen ya sake komawa farko. Wa zai saya wa waɗannan allurar insulin, wadda ke son wuri mai sanyi, a ƙauyen da babu wuta? Wa zai biya kuɗin wankin ƙoda a Katsina ko Shika ko Kano? Ɗan mai hali in ya yi ƙiba akwai likita da gwaji da magani a gabansa. Ɗan talaka sau biyu ake cutarsa: yana ƙarami a hana shi abinci mai kyau, ya girma a hana shi magani.

Na huɗu: idonmu da bakinmu.

A al'adarmu ƙiba shaidar hutu ce. Amarya ta zo ganin gida a ce, "Tubarkalla, gidan miji ya karɓe ta." Jariri ya yi ɓul-ɓul a ce uwarsa ta iya raino. Ban ga laifin mutanen da suka san fari da yunwa ba in sun ɗauki tsoka a matsayin alheri. Amma wannan ido yana ruɗinmu ta fuska uku.

Ga ta farko: wata salla na ga yaro ɗan shekara tara da iyayensa suka kawo daga birni gaishe da kakanni. Kowa sai yaba jikinsa yake. 'Yan'uwansa na gida suka ja shi wasan ƙwallo, bai yi minti biyar ba ya zauna yana haki. Kakarsa kuma ta sa soso da sabulu tana ta dirzar bayan wuyansa, wai dauɗa ta yi masa kanta. Ba dauɗa ba ce. Irin wannan baƙin da ke kwanciya a wuya da hammata yana daga alamun da jiki ke bayarwa cewa ya fara gazawa wajen sarrafa sukari. Yaron nan mota ke kai shi makaranta ta dawo da shi, gidan da katanga da ƙofar ƙarfe, waya a hannu, firji cike da lemo. Iyayensa sonsa suke yi, kuma abin da suka rasa suna yara shi suke ƙoƙarin ba shi. Hukumar Lafiya ta Duniya na son yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum. A da dandali kan biya wannan bashi da langa da kokawa da 'yar gala-gala. Yau a birni waya ta cinye dandali, a ƙauye kuma tsoro ya cinye shi.

Fuska ta biyu ta fi haɗari. Akwai tamowar da ke zuwa da kumburi: ƙafa da fuska su cika, gashi ya yi ja ya yi laushi. Uwa ta ga kumatu ta ce ɗanta ya fara ƙiba. Iyayena mata, ku riƙe wannan gwaji: ki danna babban yatsanki a bayan ƙafafunsa biyu, ki ƙirga uku, ki ɗaga. In rami ya zauna, ranar nan za a tafi asibiti, ba gobe ba. Haka igiyar awon dantse da ma'aikatan lafiya ke amfani da ita: in ta nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, yaro yana cikin haɗari.

Ta uku ita ce maganin da ake kira "sha ka fashe". Saboda rama ta zama abin gori, 'yan mata na sayen ƙwayoyi a kemis da hannun masu talla don su cika kafin biki, wasu iyaye ma na ba yara na ruwa wai don su ci abinci. Wasu daga cikin ƙwayoyin nan ruwa da kitse suke tarawa a fuska da ciki, su raunana ƙashi da garkuwar jiki, su tayar da suga da hawan jini. Wadda ba ta da kuɗin abinci mai kyau ita ke sayen kamannin ƙoshi da lafiyarta.

Na biyar: kamfani da hukuma.

Uwa ba ita kaɗai ke yanke abin da ɗanta zai ci ba. A watan Afrilun 2024 wata ƙungiyar Suwizalan mai suna Public Eye, tare da ƙungiyar IBFAN, sun gwada abincin jarirai na kamfanin Nestlé, suka ce Cerelac ɗin da ake sayarwa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, har da Najeriya, ana ƙara masa sukari, alhali irinsa da ake sayarwa a Jamus da Ingila ba a ƙara masa. Kamfanin ya ce yana bin dokokin ƙasashen da yake kasuwanci. To in haka ne, tambayar ta dawo kan dokokinmu. Me ya sa harshen jaririn Katsina ne za a saba wa zaƙi tun yana wata shida?

Kwalbar lemo mai rabin lita takan ɗauki sukari kusan giram 50, fiye da ƙaramin cokali goma. Wace uwa ce za ta zuba cokali goma na sukari a kofi ta miƙa wa ɗanta? Amma in yana cikin kwalba mai kyan launi, sai ya zama tsaraba. Meziko ta sa haraji a kan irin waɗannan abubuwan sha a 2014. Chile ta tilasta manna baƙin tambarin gargaɗi a jikin abinci mai yawan sukari da gishiri da kitse a 2016. Najeriya ma, a Dokar Kuɗi ta 2021, ta sa naira 10 a kan kowace lita, aka fara karɓa a 2022. A ganina naira goma ba ta hana kowa komai a farashin yau. Na san za a ce haraji a kan talaka yake ƙarewa. Gaskiya ne, shi ya sa nake cewa kuɗin ya kamata a ɗaure shi da abincin yara da maganin tamowa, talaka ya ga abin ya dawo masa a kwano.

Shirin ciyar da 'yan firamare da gwamnatin tarayya ta fara a 2016, a kan naira 70 kowane yaro kafin a mayar da shi 100, yana da nasa kurakuran, amma ya sa yara da yawa sun ɗanɗani ƙwai a makaranta. A Janairun 2024 aka dakatar da shi tare da sauran shirye-shiryen tallafi. A yankin da iyaye ke tsoron tura yara makaranta, kwano ɗaya na wake da ganye da rana ba ƙaramin abu ba ne, musamman in daga hannun manomanmu aka sayi kayan.

Na shida: abin da ke hannunmu.

Babban magani shi ne manomi ya koma gonarsa ya kwana a gidansa ba fargaba. Wannan nauyin hukuma ne, kuma ba za mu gaji da tuna mata ba. Amma akwai abin da ba sai mun jira kowa ba.

A ba jariri dakashi, kada a matse a zubar. A shayar da shi nono zalla wata shida, ko ruwa ba ya buƙata. Wannan yana kare shi daga gudawa da tamowa, yana kuma rage masa haɗarin ƙiba daga baya. A 2018 kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariranmu ke samun haka. Mai shayarwa kuwa sai ta ci, don haka maganar ta koma kan mai gida. Bayan wata shida, a soya gero ko dawa awo shida, waken suya awo uku, gyaɗa awo ɗaya, a niƙa tare a riƙa dama kunu. Duk a gonarmu suke. Camfin da ke cewa yaro mai cin ƙwai zai yi sata, malamai ku taimaka mana a kashe shi daga kan mumbari.

Shugabannin makarantu, kada ku kori masu talla a bakin ƙofa, da abin suke ci da marayu. Ku zauna da su a karkata tallar zuwa gyaɗa da awara da dafaffen ƙwai da 'ya'yan itacen da ake yayi. Ma'aikatan lafiya, in kun auna dantse ku auna tsawo da nauyi, ku kuma faɗa wa mai hali gaskiya a kan ɗansa ko da ba zai ji daɗi ba. Yaron da aka sallama daga shirin tamowa a ci gaba da bibiyarsa, domin ledar maganin tamowa ta ceto ce, abincin gida ne zai riƙe shi.

Masu unguwanni, in akwai fili a kusa da inda 'yan gudun hijira suke, a ba matan aro su shuka zogale da alayyafo da kuɓewa. Masu fitar da zakkar hatsi, ku fara da gidan da ke da mai ciki ko mai goyo. 'Ya'yan wannan yanki da Allah ya buɗa wa a Abuja da Kaduna da Kano, in za ku zo gida, maimakon katan na lemo da biskit ku riƙo wa gwauruwa akuya mai ciki ko kaji biyar. Ku kuma duba firjin gidajenku, don 'ya'yanku ma amana ce.

 Inda na yi kuskure a gyara mini. Allah ya ba mu zaman lafiya a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da ƙasa baki ɗaya, ya jiƙan yaran da muka rasa. Yanzu fili naku ne, kuma ina roƙon a fara ba iyayenmu mata dama, musamman waɗanda suka taɓa jinyar yaro mai tamowa, su yi tambaya ko su faɗa mana abin da suka gani.